Kiɗan Gayyar da Aka Miƙe

Tun da ka ce aikinka gyara ne, ɗana, zauna in ba ka misali. Mu da aka koya wa rubutu da rula a makarantar mishan mun taso muna ganin duk abin da ya kauce wa layi kuskure ne, kuma na tsufa kafin na san abin da wannan ra'ayi ke jawowa.

An yi wani makaɗin gangar noma a wani ƙauye, shi kaɗai ya rage wanda ya san kiɗan gayyar garinsu. Da tsufa ya kama shi har kafaɗarsa ta kasa ɗaukar ganga, sai 'yarsa ta kai shi birni wurin wani mai situdiyo, don a adana kiɗan kafin a rasa shi. Mai situdiyon ya ajiye masa wani faranti mai maɓallan roba, ya ce ya buga da yatsu. Kwamfuta ba ta ɗauki amo ba, lissafi ta riƙe: yaushe yatsa ya sauka, da wane ƙarfi, ya daɗe ko bai daɗe ba. Kowane bugu ya fito a allo kamar ƙwayar shinkafa a kan takarda mai gida-gida, in an taɓa sai na'ura ta mayar da shi muryar ganga. Tsohon ya buga sau ɗaya, ya gaji, aka mai da shi gida. Mai situdiyon mutum ne mai tsabtar aiki. Da ya duba allon sai ya ga bugu na huɗu kullum yana makara kaɗan, yana faɗowa bayan layi, wanda ke bin sa kuma ba shi da ƙarfi. Ya ce a ransa, Allah sarki, hannun baba ya yi rawa. Don tausayi ya zaɓe ƙwayoyin gaba ɗaya, ya danna maɓallin da ke jan kowace zuwa layin da ya fi kusa da ita, ya daidaita ƙarfinsu suka zama ɗaya. Ya saurara, ya ji kiɗa ya tafi sak kamar agogo. Sai ya adana gyararren a kan na asali, na asalin ya goge.

Tsohon bai ga damina ba. Ranar gayyar farko bayan rasuwarsa aka ɗaure lasifika a jikin ɗorawa a bakin gona, maza suka jeru da garemani, aka kunna gyararren kiɗan. Ba a kai ƙarshen kunya biyu ba layin ya wargaje, wannan ya wuce, wancan ya tsaya dafe da ƙugu yana haki. Ashe wannan 'yar makarar ita ce wurin da manomi ke ɗaga garma ya ja numfashi, bugun mai sanyi kuwa lokacin da ƙasa ke zuba daga bakin ƙarfe. Makaɗin ya yi shekara hamsin yana kallon bayan manoma, yana jiran su a daidai wurin. Sarkin noma ya ce, "Ku kashe abin nan. Wannan bai taɓa riƙe garma ba." Aka ƙarasa noman shiru.

'Yar ta koma birni ta ce a ba ta na farkon, wanda mahaifinta ya buga da hannunsa, ko da rawar hannun. Mai situdiyon ya bincike na'urarsa kaf, babu. Ya yi makonni yana jan ƙwayoyin da linzamin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, yana matsar da wannan baya kaɗan, yana rage wa waccan ƙarfi. Amma bai san nisan da zai kai su ba, bai kuma san wace makara ce ta tsufa, wace ce ta gwaninta ba, wanda zai tambaya kuwa yana ƙasa. Duk gyaran da ya gwada ya aika ƙauye, sai a dawo masa da amsa ɗaya: ba shi ba ne. Har yau a garin ana gayya, ba a kiɗa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira an rasa ido.