Sallamar Nomau

Laifin da zan ba ku labarinsa ganda ce, kuma Sallau ne ya yi ta.

Shekara hamsin ke nan da jirgin yaƙi ya ƙona kasuwar Tudun Gawo. Yanzu akwai na'ura a bakin tsohuwar rijiyar kasuwar. Duk shekara, ranar da abin ya faru, takan yi sallama da muryar kowane mamaci har sau uku. In mai rai bai amsa da bakinsa ba, muryar ta goge har abada.

Sallau yana birni, zuwa ya yi masa nauyi. Sai ya naɗi amsarsa a waya, ya ba direban motar garinmu.

Da hantsi muryar Nomau, mahaifin Sallau, ta fito: "Salamu alaikum, mutanen kasuwa."

Direba ya danna waya, na'ura ba ta karɓa ba. Nomau ya sake sallama, wuri ya yi tsit. A ta uku sai Gwaggo Lantana mai daddawa ta miƙe.

"Wa alaikumus salam, Nomau. Har yanzu ba ka rage murya ba?"

Jama'a suka yi dariya, wasu suna share ido.

"Gwaggo, ai ba danginki ba ne," in ji direba.

"Shi ya janyo ni daga cikin wutar, ɗan nan."

A dokar garinmu, wanda ya amsa shi ke riƙe murya. Nomau yana nan, jikokin Lantana har sun haddace sallamarsa. Sallau kuwa ya rasa abu biyu: mazauninsa na ɗan mamaci a bakin rijiya, da ikon amsa wa ubansa.