Kitson 'Yan Tsanan Gwanjo

Saura kwana uku a kai Salima ɗakin miji, mai yi mata kitso ta ƙona hannu da man suya. Salima ta baro Tsibiri da kai a tsefe cikin ɗankwali, ta zaga masu kitso huɗu a Maradi, babu wadda aikinta ya kwanta mata a rai. Ita kuwa ta san dangin angon sarai: gwaggonninsa kan amarya suke fara dubawa kafin fuskarta.

A Sabon Gari ta ci birki gaban teburin Tahira. Tahira 'yan tsanan gwanjo take sayarwa, irin dogayen nan masu siririn ƙugu da yaran Turai suka gaji da su. A buhu suke zuwa, buɗu-buɗu, gashi a cukurkuɗe, wata ma har da zanen biro a kumatu. Sai ta kwashe su gida Jiratawa, ta wanke da omo, ta dirje biron da man goge baki, ta tsoma gashin a ruwan zafi har ya miƙe, sannan ta ɗinka musu riga da zani daga ƙyallayen tela.

Amma kitson ne ya tsayar da Salima. Shuku ne a kan da bai kai lemun tsami ba, layi goma sha biyu, kowane a miƙe sak, ko silin gashi ɗaya bai fita daga sahu ba.

"Wa ta yi wanga kitso?" in ji Salima.

"Ni dai wanki da ɗinki nika yi," in ji Tahira. "Hannun da ya yi shi bai taɓa kama kan mutum ba."

"To za ta fara da nawa."

Tahira ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce a bar maganar. Ina! Ba ta san Salima ba. Ta yi roƙo, ta yi magiya, ta haɗa ta da Allah da Annabi, har aka kira la'asar. Da Tahira ta naɗe kayanta, Salima ta haye kabu-kabu ta bi bayanta.

A zaure suka tarar da mahaifin Tahira, Malam Gado, tsohon jandarma, ya ba ƙofa baya, ya sunkuya, rediyo na ta surutu a gefensa. Salima ta durƙusa ta gaishe shi a gurguje, ta faɗa cikin gida.

Mata uku ta samu a tsakar gida. Ta bi kawunansu da kallo, sai ta ga kitson kowacce a karkace yake. Duk wadda ta tambaya sai ta toshe baki da gefen zani tana ƙunshe dariya. Nan fa idon Salima ya kawo ruwa.

"Assabar fa za a kai ni! Don Allah wace ce?"

Uwar Tahira ta tausaya mata. "Kin cika sauri, ɗiyar nan. Koma ta inda kika shigo."

Salima ta koma zaure. Malam Gado ya juyo, kibiyar kitso a bakinsa, kan wata 'yar tsana da ya cire ya soka a kara yana tsakanin gwiwoyinsa, rabi a kitse. Ya zare kibiyar ya ce, "Na ji kukanki, ɗiyata. In naki ma shina ciruwa, aje shi nan, ki zo jibi ki ɗauka."