Mai Majigi da Siririyar Kwamfuta

Na ga tun da ka zauna kake shafa hoton kwamfutar nan a wayarka, shayinka har ya huce. Siririya ce, na yarda, kuma ido ya gani ya so. Amma kafin ka zura hannu a aljihu, bari in ba ka wani misali.

An yi wani mai majigi da ke zaga ƙauyukan bakin gulbi a kan babur. 'Yan ci-rani ne ke turo masa bidiyon gaisuwa daga inda suke, shi kuma ya kai wa iyayensu. In rana ta faɗi sai ya ɗaura farin zane tsakanin giginyu biyu, ya ta da ɗan janareta, ya soka wayar majigi a jikin kwamfutarsa. Sai ka ga ɗan wance da ke can bakin teku ya fito a kan zanen, kansa ya fi tukunyar biki girma, iska na kaɗa shi a hankali yana gaida uwarsa. Kwamfutar tasa tsohuwa ce, baƙa, mai kauri, ta cinye masa kafaɗa, in ta ɗau zafi har minshari take yi. Amma jikinta duk kafofi ne, kowace waya ka kawo tana da wurin shiga. A ƙauye na ƙarshe, tsallaken gulbi, akwai wata tsohuwa da yanar ido ta fara rufe wa gani. Ƙaramin abu ya daina shiga idonta, fuska a kan waya hazo ce kawai a wurinta, amma babbar fuska a kan zanen majigi tana iya gani. Ɗanta ɗaya ne, ya daɗe da tafiya, kuma a shekarar nan ne ya turo saƙonsa na farko. Mai majigi ya aika mata cewa ranar kasuwa mai zuwa za ta ga ɗanta.

Kafin ranar ta zo ya shiga birni sayen mai, sai ya hango wata kwamfuta a bayan gilashin kanti. Launin azurfa, ba ta kai faifai kauri ba. Ya shiga, ya ɗaga ta da yatsu uku, ya ji kamar bai ɗauki komai ba. Daga nan bai sake samun sukuni ba. A kan babur yana ganin kansa ya shiga ƙauye ba jaka, ba gumi, ya zaro ta daga ƙarƙashin riga, samari sun yi tsit, haske na zamewa a kan murfinta. Ya koma kantin, ya ba da tsohuwar kwamfutarsa ya yi ciko. Mai kanti ya yi iya nasa, ya ce masa kafofinta biyu ne kacal, ƙanana, sai da ɗan mahaɗi kafin ta karɓi wayar majigi, kuma mahaɗin ya ƙare sai wani makon. Gogan naka yana can yana kallon fuskarsa a jikin murfin, ya ce to, to, ba tare da ya ji ba. Ranar kasuwa ya haye gulbi a kwalekwale da ita a kan cinya, yana ta murmushi shi kaɗai. Aka ɗaura zane, gari ya taru, aka shimfiɗa wa tsohuwa tabarma a gaba. Ta sa zanenta na Sallah, har da kwalli. Ya ɗauko wayar majigi ya laluba gefen dama, ya laluba gefen hagu, ya juya ta ya duba bayanta. Sumul. Majigi ya watsa farin haske a kan zane, ba kowa a ciki sai ƙwari da ke shawagi. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya durƙusa ya buɗe kwamfutar dab da fuskar tsohuwa. Muryar ɗan ta fito, ta kafa ido, ta matso, ta ja da baya, ba ta ga komai ba sai wani ɗan duhu na motsi a cikin hazo. Ta ce, "Ba komai, ɗan nan, ka dawo da babban hoton."

Ya koma birni da niyyar juyowa nan da nan, sai sama ta ɓalle. Gulbi ya kawo, ya shafe mashigi, masu fito suka ja jiragensu tudu. Sai da kaka ta yi ya samu hayewa, da mahaɗinsa a aljihu, abin da bai kai ɗan yatsa ba. Wannan karon komai ya yi daidai. Ɗan ya fito a kan zane raɗau, ya yi gemu, yana dariya irin ta ubansa, gari duka ya ɗauki salati. Tsohuwa na zaune a kan tabarmarta, amma fuskarta na kallon giginyar hagu, don yanar ta gama rufewa a cikin damina. Ta kama hannun matar da ke kusa da ita tana tambaya ko ya yi ƙiba ko ya rame. Ni dai duk lokacin da na kawo nan a labarin sai zuciyata ta karye. Mai majigi ya tsaya a baya da kyakkyawar kwamfutarsa a hannu, ba ta da nauyin komai, amma ya kasa ɗaga kai.

Ban ce kada ka sayi siririya ba. Na ce ka fara tuna wanda ke zaune a kan tabarma yana jiran aikinka, ka juya ta ka duba gefenta, sannan ka kalli murfin. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce garin neman gira akan rasa ido.