Bidiyon Inna a Bakin Murhu

Tun da aka kafa dokar goge hotunan mamata daga wayoyi, Kawu Sallau ya ɓoye tsohuwar kwamfutarsa da ba ta taɓa hawa intanet ba. Zulai ta baro zaman makokin mahaifiyarta ta zo wurinsa da wayarta.

"Kawu, taimake ni, an riga an kai sunanta wurin hukuma."

"Cire layin tukuna, 'yar nan."

Ya jona kebul, hotuna suka fara wucewa daga wayar zuwa kwamfutar. Saura bidiyon Inna tana dariya a bakin murhu, sai wayar ta haska da kanta, ta yi magana da muryar Inna.

"Zulai, ina kika shiga?"

Kawu ya gane tarkon hukuma ne, ya ɗaga hannu don ya hana ta amsawa, amma bakinta ya riga shi.

"Ina gidan Kawu, Inna."