Burkutun Briskila

Tun da aka hana hura wutar itace, burkutu ya koma sai na kwalba, daga kamfanin da ke dafawa da hasken rana. Da Briskila mai burkutu ta rasu, kamfanin ya ɗauki tukunyarta ta ƙarshe ya kwaikwayi ɗanɗanon.

Ranar kasuwa mijinta Istifanus ya sayi kwalba ɗaya a wani shago, ya kurɓa, sai ya ajiye ta.

"Baba, bai yi ba ne?" in ji mai shagon.

"Ƙauri yake yi. Ran da ta dafa wannan, jiri ne ya kwashe ta a bakin murhu."

"Ai ƙaurin mutane suke so. Duk haka suke."

Istifanus ya dubi kwalaben, ga su jere har rufi.