Cikin Igiyar Malamin Gona

"Buhu goma sha biyu," na rubuta a gaban sunan Iya, wata tsohuwar manomiya. A shekarar fari.

Haka mu malaman gona muke yi. Da shuka mukan kewaye taku biyar da igiya a kowace gona. Da kaka a kawo amfanin wurin ofis, mu auna, mu ƙiyasta na gonar duka. Nata ya yi kyau, sai aka cire ta daga masu samun tallafin hatsi.

Na je sanar da ita, na tarar fari ya ƙone gonar ƙurmus.

Ta tarbe ni da murmushi. "Ɗana, manyanka sun yaba maka? Kullum ruwan shanmu nake rabawa biyu, in zuba cikin igiyarka. Na ce kada in ba ka kunya."