Aron Bango

Ranar sunan jikarta, Tasalla ta dubi ɗakinta na sabon benen Gusau, wanda ko tabarma biyu ba ya ɗauka, ta leƙa wurin tsohon da ke maƙwabtaka da ita.

"Malam Ilu, aron bango na zo."

"Tura abinki. Allah ya raya."

Ta tura, bangon ya zame cikin ɗakinsa, mata suka samu wurin zama.

Da la'asar ta kai masa waina, ta tarar da shi tsaye a matse jikin ƙofa.

"Malam, tun safe a tsaye kake?"

Ya yi dariya. "A tsohon benenmu falo gare ni har da baranda, amma ban taɓa jin guɗa kusa haka ba. Koma wurin baƙinki."